Tambayoyinku: "Wannan Saurayin Ne Zai Yi Wa Babana Aiki?"

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan mutum ɗaya suke: matashin likitan nan da ke kai da kawo tsakanin gadaje da fayil a hammata. Shi ke sa kanula, wato siririyar robar da ake zura wa a jijiya don ƙarin ruwa da magani, shi ke kawo takardar sa hannu, shi ake tasowa da ƙarfe biyun dare. Babban likita kan zagayo da safe ya wuce, amma da wannan matashin majinyaci ke kwana, da shi yake tashi. Mun zaɓi wasiƙu bakwai, kuma likitocin tiyata da ma'aikatan jinya da ke amsa tambayoyin wannan fili sun duba su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An kwantar da mahaifina za a yi masa aikin ƙaba. Babban likita ne ya duba shi a kilinik, amma tun da aka ba mu gado wasu samari kawai muke gani, ɗaya ma bai kai ƙanena ba. Wani mai jinya ya ce mini a kanmu suke koyon aiki. Gaskiya ne? Ina da ikon cewa ban yarda ba?
Wani magidanci, Runjin Sambo

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Mai jinyar nan ya faɗi gaskiya, sai dai bai ƙarasa ta ba. Duk likitan tiyatar da ka ji ana yabon hannunsa yau, a gefen gadon wani ya koya, da koyo akan iya. Abin da ya kamata ka sani shi ne matakin da kowane saurayi yake, da wanda ke tsaye a kansa.

Na ƙasa duka shi ne hawus ofisa. Ya gama shekara shida na karatun likita, Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ta ba shi rajistar wucin gadi, yana yin wata 12 na sanin makamar aiki, wata uku-uku a sassa huɗu: tiyata, cututtukan manya, yara, sai mata da haihuwa. Wannan ba ya yin aikin ƙaba shi kaɗai. Aikinsa rubuta tarihin ciwo, ɗibar jini, bin sakamakon gwaji, sa kanula da robar fitsari. A ɗakin tiyata kuwa yana riƙe ƙarfen da ke buɗe wurin, ya tsotse jini da na'ura, ya yanke zare, wani lokaci ya ɗinke fata. Sama da shi akwai rajistara, cikakken likita wanda ya ci jarrabawar shiga ya fara horon ƙwarewa a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Bayan shekara biyu zuwa uku, in ya ci jarrabawar kashi na ɗaya, sai ya zama babban rajistara. Sai ya ƙara wasu shekaru kamar haka, ya ci kashi na biyu, kafin ya cancanci zama kwansaltan, wato babban likitan da kuka gani a kilinik. A nan Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin wuraren da ake wannan horo. Ka ga ke nan saurayin da ka raina shekarunsa zai yiwu ya haura shekara goma a wannan hanya, kuma aikin ƙaba na cikin ayyukan da rajistara ke yi a kai a kai.

Ka yi tambaya uku, cikin ladabi, tun ana gobe aiki: wa zai riƙe wuƙa, mene ne matakinsa, kuma wane babba ne zai kasance a ɗakin ko a kusa? Yadda aka amsa maka zai nuna maka irin likitan da ke gabanka. Na kirki ma ba ya jira a tambaye shi. Zai ce, "Baba, sunana wane, ni ƙaramin likita ne a wannan sashe, babban rajistaranmu ne zai yi aikin, ni zan taimaka masa." Wanda muke gudu shi ne wanda zai bari ku ɗauka shi ne babba alhali ba shi ba ne, domin wanda ya ji nauyin faɗin matakinsa a gabanku, nauyin kiran babbansa ma zai ji in abu ya cije a ɗakin tiyata.

Kana da ikon roƙon kwansaltan ya yi da kansa, ko a ce Baba ne ke da ikon, tunda jikinsa ne. Amma ku san cewa ranar aikin na iya matsawa gaba.

Akwai abu ɗaya da za ka gani da idonka. Kafin a tura Baba, dole a zana alama da alƙalamin da ba ya gogewa a gefen da ƙabar take, dama ko hagu, yana farke yana tabbatarwa, domin ƙaba kan koma ciki ta ɓace in mutum ya kwanta. Wannan na cikin tsarin binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, mai abubuwa 19 da ake dubawa a matakai uku: kafin allurar barci, kafin a yanka, da kafin a fito da majinyaci. A gwajin farko da aka yi a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, mace-mace bayan aiki sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8. Yawanci ƙaramin likita ne ke zana alamar. In ba a zana ba, ka tuna masa.

TAMBAYA: An yi wa yayata aikin maƙoƙo a wani asibiti. Ana gobe aiki wani matashin likita ya kawo takarda ya miƙa wa mijinta ya ce ya sa hannu, ita ko kallonta bai yi ba. Da safe in sun zo zagaye Turanci suke ta yi a kanta. Yanzu mako uku ke nan muryarta ta dishe, kuma ba wanda ya taɓa ce mana hakan na iya faruwa. Kuskure aka yi?
Wata malamar makaranta, Mabera

AMSA: Malama, sannunku da jinya. Dishewar murya sananniyar matsala ce a wannan aiki. Akwai wata siririyar jijiya a kowane gefe, tana bi ta bayan maƙoƙon ta shiga akwatin murya, ita ke motsa tantanin da ke fitar da sauti. In aka ja ta ko ta ƙuje wajen ciro maƙoƙon, murya kan dishe, kuma mafi yawa tana dawowa cikin makonni ko 'yan watanni. Kaɗan ne ke dawwama. Ku koma kilinik ku nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura ya ga ko tantanin na motsi. In tana ƙwarewa in ta sha ruwa, ko numfashinta na ƙara, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Ko hannun mai aikin ya kuskure, wannan sai wanda ya duba ta zai faɗa. Amma an yi kuskure babba ana gobe aiki, kuma muna faɗin haka ba tare da kwana-kwana ba. Sa hannu ƙarshen zance ne, kuma zancen ba a yi shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin yarda, kuma gwargwadon iko a yi masa bayanin da harshen da yake ji. Matar da ta kai shekara 18 kuma tana cikin hayyacinta, ita ce mai sa hannu ko dangwala yatsa. A zauna da maigidanta a yi shawara, wannan daidai ne kuma haka tarbiyyarmu take, amma wuyanta za a yanka, ita za a fuskanta da magana.

Da an yi yadda ya dace, matashin nan zai jawo kujera ya zauna, ya ce mata za a yi yanka a gindin wuya, za a cire rabi ko duka, in duka ne za ta riƙa shan ƙwaya kullum har iya rayuwa. Sai ya ambaci haɗari uku. Na farko murya, balle ga malama ko mai karatun Alƙur'ani a makaranta. Na biyu faɗuwar sinadarin kalsiyam, saboda wasu ƙananan ƙulluwa huɗu da ke manne a bayan maƙoƙon, masu daidaita shi a jini, na iya taɓuwa wajen aikin, kuma alamarsa jin tsikari ko mutuwar fata a leɓɓa da kan yatsu cikin kwana ɗaya zuwa uku. Na uku taruwar jini a cikin wuya a ranar farko, wanda kan danne hanyar iska, kuma shi ne dalilin da ya sa ake ajiye abin warware ɗinki a gefen gadon. In wuya ya fara kumbura numfashi na wahala, ƙaramin likitan da ke kusa zai warware ɗinkin nan take a kan gado yayin da ake kiran babba. Mai jinyar da aka yi wa wannan bayani ita ce za ta fara lura. Daga ƙarshe sai ya ce, "Hajiya, maimaita mini abin da kika fahimta," domin gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce, mutanenmu kan gyaɗa wa likita kai don girmamawa. In kuma shi kansa bai san aikin sosai ba, bai kamata a aiko shi da takardar ba.

Turancin zagaye kuwa, koyarwa ce ake yi, ba mu ce a daina ba. Amma kafin a matsa gado na gaba, ɗaya daga cikinsu ya juyo ya faɗa mata da Hausa abin da aka yanke. In Bafulatana ce ko Bazabarma da ba ta jin Hausa sosai, a nemo ma'aikacin da ke jin harshenta, kada a ɗora tafinta a kan ƙaramin yaro.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara biyu za a yi wa aiki. Wani likita ya soke shi sau shida yana neman jijiya, yaron har muryarsa ta ƙare da kuka. Da na ce ya kira wani, sai ya ɓata rai. Na yi laifi?
Wata uwa, Bodinga

AMSA: Ba ki yi laifi ba, 'yar'uwa, abin da ya kamata ya yi da kansa kika tuna masa. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce in mutum ya gwada sau biyu bai samu ba, ya miƙa wa wanda ya fi shi hannu. Dalilin ya wuce tausayin kukan yaro. Jijiyoyin da ake iya samu a jikin ɗan shekara biyu 'yan kaɗan ne: bayan hannu, lanƙwasar gwiwar hannu, gefen idon sawu, saman ƙafa. Duk wadda aka fasa ta kumbura ta tashi aiki na kwanaki, sai babban ya zo ya tarar an ƙarar da wuraren da zai nema.

A yi wa likitan adalci ta gefe ɗaya: jijiyar yaron da ya bushe saboda amai ko zawo ko daɗewa ba ci ba sha tana lafewa, har gwani kan sha wuya. Shi ya sa shiri ya fi sukar muhimmanci. A samu haske mai kyau, a ɗumama hannun, a naɗe yaron da zane wani ya riƙe, a zaɓi kanula daidai shi, mai ruwan ɗorawa ko mai shuɗi, a yanka filasta tun kafin a soka, sannan a ɗaura hannun a kan ɗan katako. In yaro ya galabaita kuma jijiya ta ƙi samuwa, akwai allurar da ake sawa cikin ƙashin ƙwauri a ba da ruwa ta nan, don haka ba dalilin ɓata awa guda ana suka.

Ke ma ga naki aikin. Ki tabbatar an kwance robar da aka ɗaure hannun da ita, mantawa da ita kan hana jini zuwa yatsu. In wurin ya kumbura, ya yi sanyi ko ja, ko yaron na tsala ihu duk lokacin da aka tura magani, ruwan a ƙarƙashin fata yake taruwa, ki kira nas ta tsayar.

TAMBAYA: Me ya sa likitocin yanzu ba sa rabuwa da waya? Ina yi wa ɗaya bayani yana latse-latse.
Wani dattijo, Kanwuri

AMSA: Ranka ya daɗe, wani lokaci adadin magani yake dubawa ko yana tura wa babbansa sakamakon gwaji, kuma gara ya duba da ya yi kintace. Sai dai ladabi ya ce ya faɗa maka: "Baba, bari in tabbatar da adadin maganin nan." In hira yake yi, ka yi shiru har ya ɗago. Hoton ciwonka ko na fayil ɗinka kuwa ba ya halatta ya ɗauka sai da izininka, sashe na 26 na dokar 2014 ya kare sirrin majinyaci.

TAMBAYA: Ina da ƙullutu a nono, amma na fasa komawa asibiti saboda ranar farko samari uku ne suka tsaya a kaina, labulen ma bai rufe ba. Ba zan iya neman mace ba?
Wata matar aure, Gidan Igwai

AMSA: Hajiya, ki koma cikin makon nan, don Allah. Ƙullutun nono ba ya jira, kuma da yawa daga matan da ke zuwa a makare kunya ce irin taki ta riƙe su a gida.

Kina iya neman mace, in akwai za a ba ki. Sai dai mata a fannin tiyata har yanzu ba su da yawa, don haka ki san haƙƙinki in namiji ne. Dole a samu mace ma'aikaciya a wurin daga farko har ƙarshe, kuma ki iya shigowa da 'yar'uwarki. A rufe ƙofa ko labule ruf. Ya fita ko ya juya baya ki shirya da kanki, a ba ki zanen rufa. Ya faɗa miki abin da zai yi kafin hannunsa ya taɓa ki. Ki sani zai duba nonon biyu don kwatantawa, da hammata da saman ƙashin wuya, domin nan ne ciwo kan fara yaɗuwa, wannan cikin aikin yake. Ɗalibai kuwa sai an nemi izininki kafin su tsaya, kuma in kin ce mutum ɗaya ya isa, maganinki ba zai ragu da komai ba. Ki faɗa wa nas ɗin kilinik wannan buƙatar tun kafin a kira sunanki.

Ga matasan likitoci kuma: jan labule daƙiƙa biyar ne. Matar da aka bar jikinta a buɗe sau ɗaya na iya ɓacewa wata takwas, ta dawo ƙullutun ya fashe.

TAMBAYA: Sau biyu ana hana matata ci da sha tun sha biyun dare, a wuni, sai bayan La'asar mu ji a bakin mai shara cewa an ɗage aikin. Daga Illela muke zuwa, ga zafi, ga kuɗin mota. Haka tsarin yake?
Wani ɗan kasuwa, Illela

AMSA: Alhaji, hana cin yana da dalili. In an yi allurar barci, abin da ke tumbi na iya tasowa ya faɗa huhu, kuma hakan na kisa. Amma lokacin a ƙayyade yake: awa shida ga abinci, har da kunu da koko da fura da nono da shayi mai madara, awa takwas in abincin mai maiƙo ne ko nama, awa huɗu ga nonon uwa, awa biyu kacal ga tsabtataccen ruwa. Wasu majinyatan, kamar masu toshewar hanji, ana hana su komai, don haka a bi umarnin mai ba da allurar barci. Sai dai a bar mace awa goma sha shida ba ko kurɓin ruwa a watan Afrilu na Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan cutarwa ce. Jiki na bushewa, jijiya ta lafe, awon jini ya faɗi da zarar an yi allurar baya mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Mai ciwon suga kuma sukarinsa na iya faɗuwa, shi ya sa ake sa shi a farkon layi. Aikin ƙaramin likita ne ya san ta nawa ce a layi, ya tambayi mai allurar barci ko za ta iya shan ruwa da Asuba, in jira ya yi tsawo ya ɗaura mata ƙarin ruwa.

Ɗage aiki na faruwa. Wani lokaci haɗarin mota ko mai hujewar hanji ne ya karɓe ɗakin, wannan ba laifin kowa ba ne. Wani lokaci kuma jini ne ya hau, ko ya yi ƙasa, ko ba a tanadi ledar jini ba, ko wani gwaji bai fito ba, kuma irin waɗannan ana gobe ya kamata a gano su, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko wanne ne, likita ne zai zo da ƙafarsa cikin gaggawa ya faɗi dalili, ya ce ta ci abinci, ya ba da sabuwar rana. In ya sake faruwa, ka nemi ganin babban rajistaran sashen. In ba ka gamsu ba, asibitocin gwamnatin tarayya na da ofishin SERVICOM na karɓar koke. Ku ma ku taimaka: ku faɗi duk abin da take sha, har da asfirin da maganin gargajiya, domin wasu na hana jini tsayawa.

TAMBAYA: Ni sabon likita ne, wata mai zuwa zan shiga sashen tiyata. Gaskiya ina fargaba. Me majinyata suka fi lura da shi a wurinmu?
Wani hawus ofisa, Arkilla

AMSA: Barka da wannan fargabar, Likita, ita za ta sa ka riƙa dubawa sau biyu. Majinyaci ba ya ganin yadda kake ƙulla zare, yana barci a lokacin. Abin da yake gani shi ne ko ka zo da aka kira ka, da ko ka dawo da ka ce za ka dawo.

Dare ne ma'auninka. Ɗauki misalin yaron da aka ɗinke wa hanji bayan taifot ya huda shi, kwana biyar da aiki, innarsa ta ce wa nas, "Yau dai ba ya kama da jiya." Kada ka ba da umarnin allura ta waya. Tashi ka je, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan matar ta kwana biyar tana kallon fuskarsa. Ƙirga bugun jininsa da yatsunka, ƙirga numfashinsa na minti guda cur, auna zafin jiki, yaye zane ka taɓa cikin, buɗe ciwon, duba ledar fitsari. Babba mai kilo 60 ya kamata ya fitar da aƙalla mililita 30 a awa, yaro kuma kimanin mililita ɗaya ga kowane kilo. Bugun da ke ta hawa, numfashi sama-sama, ciki na kumbura, fitsari na raguwa, wannan ɗinkin hanji ne ke yoyo har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ruwa mai ja-ja da ya jiƙe bandeji tsakanin kwana biyar zuwa goma kuwa gargaɗi ne cewa ɗinkin bangon ciki na shirin buɗewa. Ɗaura ruwa, sa iskar oksijin, ɗebi jini, kira rajistara a lokacin, ka ba shi lambobin a jere. In bai ɗauka ba ka kira na sama da shi. Faɗan da za a yi maka don ka tashi babba a banza ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan bayanin da za ka yi da safe in ka yi shiru. Sannan ka juyo ga innar ka gaya mata abin da ka gani da wanda ka kira. "Ban tabbata ba, amma na kira babbana" magana ce da ke kwantar wa mai jinya hankali fiye da "ba komai".

Wanke hannunka a gabansu: daƙiƙa 20 zuwa 30 da man goge hannu, 40 zuwa 60 da sabulu da ruwa. Safar hannu ɗaya, majinyaci ɗaya. Wajen wankin ciwo ka fara da masu tsabta, ka ƙare da masu mugunya, ka ba da maganin zafi kamar rabin awa kafin ka fara, ka jiƙa audugar da ta manne da ruwan gishirin asibiti kafin ka ɗaga ta. Wajen sa robar fitsari kada ka hura balan-balan ɗinta sai ka ga fitsari ya fito kuma ka tura ta har gindi, domin hura ta a cikin hanyar fitsari, kafin ta kai mafitsara, kan yaga hanyar ya bar mutum da ƙuncin fitsari na shekaru. Ka kira dattijo Baba, dattijuwa Inna, kada ka taɓa cewa "gado na bakwai" a gabansu. Ka tuna kowace takardar gwaji da ka rubuta wani ne zai sayar da akuya ko buhun gero ya biya, don haka ka tambayi kanka ko sakamakon zai canza wani abu.

Ranar sallama kada ka miƙa takarda kawai. Faɗi ranar cire zare: fuska kamar kwana biyar, ciki bakwai zuwa goma ko fiye, ƙafa da gaɓoɓi har kwana goma sha huɗu. Faɗi abin da zai dawo da su kafin ranar: zazzaɓin da ya kai digiri 38, ja da zafi da ke yaɗuwa a gefen ɗinki, mugunya, amai, rashin fitar tusa ko bayan gida. Ka ce kada a barbaɗa garin kafso ko toka ko a shafa man shanu a ciwon. Farasitamol ga babba gram ɗaya duk awa shida, kada ya wuce gram huɗu cikin awa 24, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guji magungunan zafi irin su diklofenak. Bayan aikin ciki kada a ɗauki jarkar ruwa mai lita 25 ko a kama fartanya sai bayan mako huɗu zuwa shida, a kuma rage doguwar tafiya a kan kabu-kabu a hanya mai gargada. Za su so sanin yaushe za su yi wanka da yadda za su yi sallah, da yawa kuma nauyin tambaya suke ji, to ka riga su: faɗa musu ranar da ruwa zai iya taɓa wurin, kuma su yi sallah a zaune har sujada ta daina ja musu ɗinki.

In an ciro ƙullutu ko wani nama, kai ne za ka sa shi a ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, ya rufe shi sosai, ka rubuta suna da lambar fayil da gefen da aka ciro shi a jikin kwalbar, ba a murfi ba, domin murfi na musanyuwa. Ka bayyana wa dangi cewa a ɗakin gwaji ne za a san ko ciwon daji ne, kada su tafi da shi gida su binne. Rubuta musu ranar karɓar sakamako a bayan katinsu, ka rubuta a naka littafin, in ranar ta wuce ba su zo ba ka sa a kira su.